Hoton Jirgin Gyaɗa

Shekarun baya, lokacin ina tuƙin motar kaya a Riyad, na yi wani abu da har yau in na tuna shi sai in miƙe tsaye ba tare da na san inda za ni ba. Magana ce da ta mutu tuntuni, wanda na yi wa laifin ma ya yafe mini tun kafin ya bar ƙasar. Amma shekaranjiya wani ya saka hoton tsohon jirgin ruwa a zaurenmu na waya, tun daga nan na kasa sukuni. Na ce gara in rubuta, ko zuciyata ta zauna. Ba ni da dogon karatu, ku karɓe shi yadda ya fito.

A lokacin aikina shi ne in ɗauko tumatir da albasa da kokwamba daga kasuwar Aziziya da sassafe, in rarraba wa shagunan kafilina, wato Balaraben da iƙamata, takardar izinin zamana, take ƙarƙashinsa. Motar irin wadda suke kira daina ce, na'urar sanyinta ta mutu tun kafin in gaje ta. Ɗakina yana unguwar Sulay, a bayan wani sito. Mu biyu ne a ciki, ni da wani dattijo mutumin wajen Maraɗi da ke gadin siton. Kowa Baba yake ce masa, har 'yan Bangaladash masu lodi. Ya haura sittin, yana fama da yanar ido, in zai duba saƙo sai ya kai wayar har kan hancinsa. Shi ke dafa mana abinci, ni ke kawo kayan miya. Shi ba ya son magana, ni kuma ba na iya shiru. A haka muka yi shekara uku.

Baba yana da wani gwangwanin alewa a ƙasan akwatinsa. Duk Juma'a in mun sauko daga masallaci mun ci shinkafa, sai ya goge hannu ya fito da shi. Hoto ne a ciki, baƙi da fari, bai kai tafin hannu ba. Mutum biyar baƙar fata cikin singileti a tsaye a saman jirgin ruwa, bayansu wata doguwar igwa an lulluɓe bakinta da tamfol. Na biyu daga hagu mahaifinsa ne. A bayan hoton akwai rubutun ajami da mahaifin ya yi da hannunsa, ya danna alƙalamin har rubutun ya nutse cikin takarda, ana jin sa da yatsa.

Labarin ba ya canzawa a bakin Baba. Mahaifinsa ya bi gyaɗa daga Maraɗi zuwa Kano, daga Kano ya bi ta har Ikko, ya zama ɗan dako a bakin teku. Can aka ɗauke shi aikin zuba kwal a wani jirgi mai ɗaukar gyaɗa da fatu a ƙasa, fasinjoji a sama. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, jiragen yaƙi suka yi wa Turawa kaɗan, sai suka karɓe jirgin. Suka kwashe gadaje da madubai da kujerun fasinja, suka shafe shi da fenti ruwan toka, suka ɗaure masa tsofaffin igwa, suka ce daga yau jirgin yaƙi ne, ya riƙa raka sauran jiragen kaya. Amma jikinsa bai canza ba, ƙarfen nan ne mara kauri na jirgin gyaɗa. Saboda haka suka cika rumbunansa da fankon gangunan ƙarfe, ko da an fasa shi ya daɗe bai nutse ba. Aka ƙara wa mahaifin Baba aiki, ya riƙa sauka rumbun da fitila da sifana, yana bin gangunan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaure bakinsu kada ruwa ya shiga.

"Wata rana aka buge su ta ƙarƙashin ruwa," in ji Baba. "Ba su ma ga wanda ya buge su ba. Ruwa ya shiga, jirgi ya karkata, amma ya ƙi nutsewa har aka zo aka ja su gaɓa. Shi ke nan."

"Shi ke nan? To Baba, ina yaƙin? Igwar fa?"

"Ya ce duk zamansa bai ga an harba ta kan kowa ba, sai gwaji. In an gwada ta ma kwanukan kicin ne ke zubewa."

"To wannan ai ba soja ba ne, mai ɗaure ganga ne."

"Direba, ai ban ce maka soja ne ba."

Sai ya mayar da hoton, ya rufe gwangwani. Ni kuma in yi ta dariya, ina ganin an ɓata labari mai kyau a hannun wanda bai iya ba da shi ba.

Yanzu ga nawa halin. Ni mutum ne da in na faɗi magana aka yi shiru, sai in ƙara mata. In na ga ba ta burge ba, in sake ƙarawa. Ban taɓa kiran wannan ƙarya ba, ce masa nake gyaran zance.

Direban gidan kafilina ya tafi hutu ƙasarsu, aka ce in riƙe masa. Jama'a, daga daina zuwa motar da kujerarta ke da sanyi, ga ƙanshin turaren wuta, ba kwandon tumatir, ba cacar baki da masu shago. Tun ranar farko na ƙudura ba zan koma ba. Kafilin tsoho ne, a tashar jiragen ruwa ta Dammam ya yi ƙuruciyarsa kafin ya dawo Riyad ya kama sana'ar kayan gwari. Duk Alhamis bayan La'asar nakan kai shi istiraharsa, wani gidan hutu a bayan gari, inda abokansa ke taruwa shan gahawa. Majalisar cike take da ƙananan jiragen ruwa na katako a cikin gilashi. A tsakiyar hamada. Ina ganin su na san ta inda zan shiga zuciyarsa.

A hanyar dawowa na ce, "Ammi," wato baffa, "ai mu ma gidan teku ne. Kakana ya yi yaƙi a jirgin ruwa."

Kakana majemi ne. Ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne kududdufin bayan gidanmu. Amma tsohon ya ɗago daga wayarsa ya ce, "Wallah? Ba ni labari, ya waladi," wato ɗana. Shekara da shekaru ina gaishe shi bai taɓa kallon fuskata haka ba.

Na ba shi labarin mahaifin Baba, na gyara shi. A makon farko kakana yana tsaye kusa da igwa. A na biyu shi ke harba ta. Kafin wata ya cika ya nutsar da jirage uku, Bature ya sara masa. Maganar ganguna kuwa ban taɓa kawo ta ba, kunyarta nake ji. Aka fara kirana cikin majalisa, ana ba ni wuri a bakin darduma, ana miƙo mini dabino.

Cikin abokansa akwai wani siririn tsoho, tsohon injiniyan jirgin ruwa, wanda ba ya dariya sai da gefen baki. Wata Alhamis ya ce, "Ya Najeri, da alama kakanka shi kaɗai ya ci yaƙin nan, sauran rakiya suka yi." Aka fashe da dariya. Na ce, "Ina da hotonsa."

Alhamis ta gaba da safe, Baba yana bakin ƙofar sito, na buɗe akwatinsa. Na gaya wa kaina aro ne, kafin Magariba ya dawo wurinsa. Ban tambaye shi ba don na san abin da zai tambaye ni: me za ka ce musu?

Hoton ya zagaya majalisa hannu zuwa hannu. Injiniyan ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Kafilina ya riƙe shi da hannu biyu yana cewa, "Masha Allah, masha Allah, wannan taska ce."

A nan na yi kuskuren da ya fi satar. Mutanen can suna da wata al'ada. In wani ya yaba abin da ke hannunka, agogo ne ko carbi, sai ka miƙa masa ka ce mugaddam, wato na ba ka. Shi kuma ya ce a'a, ya fi kyau a hannun mai shi. Shi ke nan, kowa ya fita kunya. Na sha gani, ina so in nuna na san gari. Na ce, "Mugaddam, ɗal umrak," wato ranka ya daɗe. Ya ce, "A'a, ya waladi, gadon gidanku ne." Da na tsaya nan, da lafiya. Amma na ga idanu a kaina, abin ya yi mini daɗi, sai bakina ya ƙara. Na dafa ƙirji na ce, "Wallahi sai ka karɓa."

Abin da ban sani ba shi ne, a wurinsu in ka rantse a gaban mutane, ƙin karɓa ya zama wulaƙanci, ya zama kuma an jefa ka cikin kaffara. Kafilina ya miƙe da ƙyar, ya sumbaci goshina, ya ce, "Tunda ka rantse, ba zan karya maka rantsuwa ba." Ya sa hoton a aljihun gaban rigarsa.

Na yi murmushin yaƙe. Iyakar dabarar da ta zo mini ita ce na roƙa in ɗauke shi a waya don tunawa. Da na sauke shi gida, na wuce unguwar Batha kai tsaye, na sami wani shagon hoto, na ce a wanke mini shi daidai girman na asali, a sa masa launin tsufa. Mai shagon ya yi ƙoƙari, har gefen ya ɗan cicciza da almakashi. Bayansa kuwa fari fat, santsi kamar faranti. Na dawo na jefa shi a gwangwani, na dogara da yanar idon Baba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Na dubi makantar da ke kama mutumin da ke dafa mini abinci, na ce ta yi mini amfani.

Washegari Juma'a muka ci shinkafa. Ya goge hannu, ya fito da gwangwani. Ya shafa gaban hoton da babban yatsa. Ya juya shi, ya shafa bayan. Ya sake shafawa. Ni ina ta danna waya ba na ganin abin da nake dannawa. Ya daɗe a haka, sannan ya mayar ya rufe.

"Direba, miƙo mini ruwa."

Ranar bai ba da labari ba. Juma'ar gaba bai fito da gwangwanin ba, haka ta gaba da ita.

Daga nan zama ya gagare ni. In shiga ɗaki in fito, in fito in koma. Na riƙa wuce mahaɗar da zan sauka a babban titi, sai kafilina ya ce, "Ina za ka kai ni, Makka?" In Baba ya zuba mini miya sai in ce na ƙoshi, in je in sayi biredi in ci a mota. Sau uku ina buɗe baki in gaya masa, sau uku maganar tana komawa tambayar ko gas ya kusa ƙarewa. A can istiraha kuwa an sa hoton a firam mai ruwan zinare, an rataye shi tsakiyar bango, an liƙa takarda a ƙasa da Larabci: kakan direbanmu, gwarzon teku. Kafilina ya ce yana tunanin ko da wancan direban ya dawo, ni zan ci gaba da tuƙa shi. Abin da na nema ke nan, ya zo, na kasa jin daɗinsa.

Sai ga maganar tafiyar Baba. Masu siton suka ce shekarunsa sun yi yawa, ba za su sabunta masa iƙama ba, suka buga masa huruju, fita ba dawowa. Saura kwana tara. Ranar yana ninke kaya, bai kalle ni ba, bango yake kallo, ya ce:

"Hoton nan ba nawa ba ne, ka sani. Na yayata ne. Ranar da zan taho ta ba ni, ta ce tafi da babanmu ya ɗebe maka kewa, amma ka dawo mini da shi hannuna. Ita ma idon ya tafi. Da yatsa take karanta bayansa."

Ya ci gaba da ninke wando. Ni na ce bari in duba ko na kulle mota.

Kada ku ɗauka daga nan na tuba. Abin da na fara tunani shi ne sata ta biyu. Na koma Batha na wanko wani, na sa sukudireba a aljihu, ranar Litinin da rana na je istiraha da sunan wanke mota. Na shiga majalisa ba kowa, na sauko da firam ɗin, na juya bayansa. An buga masa ƙananan ƙusoshi an manne da takarda. Ina laluben inda zan fara, na ɗaga kai, sai ga kamara a saman ƙofa tana kallona. Baƙo, a majalisar kafilinsa, da sukudireba. Wannan ba korar aiki ba ce kawai, ofishin 'yan sanda ne da jirgin gida. Na mayar da shi, na goge gilashin da hannun riga kamar abin da ya kawo ni ke nan. Na fito na zauna a mota.

Alhamis ta zo, saura kwana uku Baba ya tafi. Majalisa ta cika, har da wasu baƙi daga Ƙasim. Kafilina ya nuna bango ya ce, "Ya waladi, ba su labarin kakanka." Na fara, muryata kamar ta aro. Ban kai ga jirgi na farko da aka nutsar ba injiniyan ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Na daɗe ina kallon hoton nan. Ga ƙugiyar ɗaga kaya can a baya, wannan jirgin kaya ne aka ɗora wa bindiga. Irinsu fatarsu ba kauri, bugu ɗaya ya ishe su. Me suke zubawa a rumbunan, tunda ba kaya?"

Ban yi tunani ba na ce, "Fankon ganguna. Ana ɗaure bakinsu, in an fasa jirgin su riƙe shi a sama."

Tsohon ya gyara zama. Ya cire tabarau ya dube ni, ya juya ga mutane ya ce, "Wannan gaskiya ne. Wannan mai ƙarya ba zai ƙirƙiro shi ba. Na zalunce ka, ya Najeri, ka yafe mini."

Jama'a, wata biyu ina gina igwa da jirage uku, bai taɓa yarda da ni ba. Abu ɗaya da na ɓoye don kunya, shi ne ya sa dattijo yake neman gafarata a gaban mutane. Ban san lokacin da na miƙe ba. Da Larabcina na kasuwa, yana karyewa, na ce ba kakana ba ne. Na ce kakana majemi ne, bai taɓa ganin teku ba. Na ce mutumin da ke hoton bai harbi kowa ba, ganguna yake ɗaurewa. Na ce hoton na abokin zamana ne, daga akwatinsa na ɗauko, bai sani ba.

Kafilina ya ajiye ɗan kofinsa a hankali.

"Ka rantse a kan abin da ba naka ba?"

"Na rantse, ɗal umrak."

"A majalisata."

Na sunkuyar da kai.

"Mai shi yana raye?"

"Yana Sulay. Lahadi zai tafi gida, huruju."

Ya daɗe yana kallon bangon. Na miƙa hannu kamar za a ba ni, ya ce, "A'a. Hannunka ya riga ya ɗauka sau ɗaya. Kawo mini shi gobe bayan La'asar, in ba shi da kaina." Ina juyawa ya ƙara da cewa, "A dainarka za ku zo. Bar makullin motata a kan tebur."

Washegari bayan mun sauko daga Juma'a, shinkafa tana gabanmu, na durƙusa na gaya wa Baba komai, har da sukudireba. Yana ci yana saurare. Da na gama ya suɗe yatsunsa.

"Na sani tun Juma'ar farko. Ido ne ya tafi, ba yatsa ba."

"To Baba, me ya hana ka tambaye ni?"

"Na san bakinka, Direba. Da na tambaye ka, da ka rantse ba kai ba ne. Ban so in ɗora maka rantsuwa a kan sata. Na ce in bar ka da ɗaya."

Ni da ba na iya shiru, sai na ce, "Da ban faɗa ba fa?"

"Da na je na gaya wa yayata na ɓatar. Ta yi fushi da ni ta gama." Ya ture kwanon gabana. "Ci abinci, ka rame kamar tsinken tsire. In ka gama ka goge mini babbar rigata, ba zan shiga gidan mutane kamar maigadi ba."

Muka tafi a daina, gilashi a sauke, warin albasa yana bin babbar rigarsa. Da muka shiga, kafilina ya miƙe, duk majalisa ta miƙe. Ya sumbaci kan Baba, ya zaunar da shi a gefensa, da hannunsa ya zuba masa gahawa. Ni aka bar ni a tsaye bakin ƙofa. Sannan ya ce, "Muna son labarin daga bakin mai shi. Kai kuma, tunda ka iya zance, fassara."

Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Baba yana jin Larabci daidai na bakin ƙofar sito, bai isa ba da labari ba, amma ya isa kama ɓarawo. Ya ce mahaifinsa kullum cikin tsoro yake, in zai sauka rumbun nan mai duhu sai ya yi amai. Na fassara da cewa yakan ɗan damu. Baba ya ɗaga sandarsa ya taɓa ƙafata.

"Direba, ban ce haka ba. Tsoro na ce. Da amai."

Na faɗa yadda ya faɗa. Aka yi dariya, har da injiniyan, wannan karon da baki duka. Ya matso ya tambayi yadda mahaifin ke gane gangar da ruwa ya shiga cikin duhu. Baba ya ce da sifana yake ƙwanƙwasa su, mai lafiya tana amsawa da ƙara, wadda ta sha ruwa muryarta a mace take. Ya ce har ya tsufa a Maraɗi ba ya wuce randa ko tulu bai ƙwanƙwasa ba. Injiniyan ya ƙwanƙwasa butar gahawa da zobensa, ya gyaɗa kai, ya ce duk wanda ya fita daga jirgin nan da rai, da aikin wannan mutumin ya fita. Na fassara wa Baba. Wannan ban ƙara ba, ban rage ba. Baba ya kalli ƙasa ya ce, "Ikon Allah ne. Amma dai ya ɗaure su."

Kafilina ya sa aka sauko da firam, ya ɓamɓare bayan da wuƙar yanka kankana, ya miƙa wa Baba hoton da hannu biyu. Baba bai kalli gaban ba. Ya juya shi, ya bi rubutun da yatsa daga dama zuwa hagu, leɓensa yana motsi. Sannan ya buɗe gwangwani ya ciro na Batha ya miƙa wa kafilina.

"Gaya masa wannan na Direba ne, shi ya wanko shi. Wannan yana da ikon bayarwa, ko da rantsuwa."

Sai da na fassara wannan ma. Kafilina ya yi dariya har da tari. Ya yage takardar gwarzon teku, ya tambayi me za a rubuta. Baba ya ce a rubuta mai ɗaure ganguna.

Ranar Lahadi na kai Baba filin jirgi. Ranar Litinin da asuba ina Aziziya ina jayayya da masu lodi kan kwandon tumatir. Kafilina bai kore ni ba, ya sabunta mini iƙama har sau uku bayan nan, amma bai sake sa ni a motarsa ba, ban kuma sake taka majalisarsa ba. Na je wurin wani malami ɗan garinmu a Batha na tambayi hukuncin rantsuwata, na yi abin da ya ce in yi.

Ba zan ce muku na zama mai shiru ba, ga shi kun ga tsawon abin da na rubuta. Har yanzu in ina ba da labari aka yi tsit, ina jin bakina yana neman ya ɗora masa igwa. Wani lokaci nakan kama kaina, wani lokaci sai na gama nake ganewa, in koma in ce wa mutum, tsaya, jirgi ɗaya ne, ba uku ba, kai, ba ma jirgi. Abin da ya fi tsaya mini ba kunyar majalisa ba ce. Tsohon nan ne da ya yi Juma'a uku yana zuba mini miya, ya san abin da na yi, ya zaɓi ya ɗauki fushin yayarsa da ya sa ni rantsuwar ƙarya. Ban san yadda ake biyan wannan ba.

Baba ya rasu bayan shekara biyu da komawarsa, Allah ya jiƙansa da mahaifinsa. Na canza waya sau huɗu tun daga lokacin, amma akwai saƙon murya ɗaya da nake bi da shi daga wannan zuwa waccan. Mako guda bayan tafiyarsa ya turo shi, ana jin kukan awaki a bayansa. Shekaranjiya na saurare shi ya fi sau goma.

"Direba, na iso lafiya. Na sa shi a hannunta. Ta shafa bayan, ta ce shi ne."